Ƙofar Gidan Jarida

Wani dattijo yana tsakiyar girbin gero a gonarsa ta bayan Minjibir, sai ga 'yarsa injiniyar gine-gine da sassarfa.

"Baba, an fasa rushe tsohon gidan jaridar nan na Kano! Ni aka ba aikin gyaransa."

Dattijon ya ajiye magirbi, ya tambaya ko doguwar ƙofar nan mai zanen dagi tana nan. Ta ce ko tsagewa ba ta yi ba.

"A kaina na yi ta ɗaukar duwatsunta ina saurayi," ya ce. "Da aka gama ginin, maigadi ya hana leburori shiga. Har yau ban san cikinsa ba."

Ta kama hannunsa tana dariya, idonta cike da ƙwalla.

"Je ka sa babbar rigarka, Baba. Makullin yana jakata."