Wanda Ya Ce Idonsa Ne Makarantarsa

Me ka ce, Malam Sabi'u? Wai shekara biyu a makarantar koyon sana'a ɓata lokaci ne, tunda gyaran na'urar sanyi ido ne kawai da hannu? To gyara zama, ka ji wani misali.

An yi wasu maƙwabta biyu masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, shagunansu na jikin juna. Ɗaya da gemunsa ya je makaranta ya zauna a benci, aka koya masa abin da ke yawo cikin bututu, wanda ido ba ya gani. Ɗayan kuwa a bakin ƙofa ya koya, yana leƙen hannun mutane. Kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, wallahi yana da hannu, abu sau ɗaya zai gani ya kwaikwaya. In an yi masa zancen makaranta sai ya ja fatar idonsa da yatsa ya ce, "Ga makarantata nan." Ran nan da hantsi wata mai sayar da kifi ta zo hankali a tashe, ɗakin sanyinta ya tsaya, kifi ya fara tsiyayar ruwa, ga shi duk jarinta ke nan. Ba ta tarar da mai makaranta ba, ya fita aiki, sai mai ido ya saɓi jakarsa ya bi ta. Yana dubawa ya gane gas ne ke zurarewa, kuma ya canka daidai. Ya sha ganin maƙwabcinsa in zai nemo huda, sai ya jona wani dogon tulun ƙarfe ya ɗura iska a bututu, ya bi shi da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Ya ga tulun, ya ga kumfar. Abin da bai taɓa gani ba shi ne iskar da ke cikin tulun, naitirojin, wadda ba ta kama wuta. Shi a wurinsa ai iska iska ce. Sai ya tsallaka titi ya aro tulun mai walda, na oksijin.

Kaico! Wannan fa tun makon farko ake faɗa a makaranta, a maimaita har ka gaji da ji: oksijin da man da ke cikin kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ba sa ga maciji. Mai ido ya jona tulun a bututu, ya murɗa kansa, ya sunkuya ya kai fuska dab da bututu yana jiran kumfa. Ƙarar fashewar har 'yan ƙarshen kasuwa sun ji ta. Kifin matar ya ruɓe, rami aka haƙa masa. Shi kuwa ya rayu, amma idanun nan biyu da yake nunawa, a can ya baro su. Da maƙwabcinsa ya je duba shi asibiti, kuka maƙwabcin ya yi kamar ba namiji ba, yana cewa kalma ɗaya ce tak, da ma ya tambaye shi. Yanzu kullum matarsa ke riƙo masa sanda ta kawo shi bakin ƙofar shagon nan, ya wuni yana jin ƙarar aiki. Ni har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

To Malam Sabi'u, ka je ka yi rajistar nan tun idonka na gani. Ba banza ba Bahaushe ya ce: rashin sani ya fi dare duhu.