Zuciya Biyu, Awarwaro Ɗaya

Tun da aka gano gudu na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, hukumar gasar wasannin kwamfuta ta kafa doka: ba mai shiga wasa sai awarwaron hannunsa mai auna bugun zuciya ya shaida ya yi gudun rabin awa.

Rumasa'u, gwanar Funtuwa, tana da cikin wata bakwai, ga wasan ƙarshe da la'asar. Likita ya hana ta gudu. Ta zagaya tsakar gida sau uku, ta zauna tana haki, awarwaron yana nan ja.

"Ki haƙura da bana mana," in ji yayarta Saude.

"Yaya, shekara shida nake jiran yau."

Ɗan cikin ya motsa. Ta dafa cikinta da hannun da ke da awarwaron tana hawaye, ta daɗe a haka. Sai awarwaron ya yi ƙara, ya koma kore. Saurin bugun zuciyar ɗan ya ɗauka gudu ne.

Saude ta rangaɗa guɗa. Rumasa'u ta je ta ciwo kofin, amma har suka dawo gida ba ta yi dariya ba. Ita kaɗai ta ga rubutun da ya fito a jikin awarwaron: "An yi wa sabon ɗan wasa rajista. Gobe ma ya fito atisaye."