Ruwan Rijiyar Malam Maliki

Jirgin da aka ce zai sauke su Abuja da asuba, sai ƙarfe tara ya ga dama ya dira. Kafin Musaddiq ya gama bin ofis-ofis da takardun Baba, jirgin Katsina ya tashi ya bar su. Ko haƙuri babu wanda ya ba shi.

Wata biyu ke nan yana jinyar mahaifinsa, Malam Maliki, a wani asibiti a Masar. Tsohon nan da taurin kai aka san shi tun yana fataucin shanu. Allura ya yarda, ƙarin jini ya yarda, amma ma'aikatan asibiti su yi masa wanka, wannan kam ya ce faufau, sai dai a goge shi da tawul. Ranar Talata ya riƙo hannun Musaddiq ya ce wankansa na gaba da ruwan rijiyar gidansa na Daura za a yi, shi Musaddiq ne kuma zai zuba masa, kada kuma a kwana da shi a hanya. Musaddiq ya ce to. Wannan to ɗin ce ta hana shi zama yanzu.

Matar da ke sayar da tikiti ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce akwai jirgin Kano da ƙarfe biyar, kujera ɗaya ta rage, amma shi Baba sai an sake duba takardunsa.

“Kai ka wuce, shi sai ya biyo ka gobe,” in ji ta, kamar tana maganar jakar kaya.

 Musaddiq ya kwashe takardunsa ya bar wurin tun kafin bakinsa ya ja masa.

Sai ga wayar Dabo. Dabo fa yayansa ne, wanda ko sau ɗaya bai leƙo Masar ba, shi ne kuma ya fara cewa a bar Baba a can, ai can ma Musulmi ne, malamai ma haka suka ce. Yanzu kuma daga inuwar zauren gida yake ba da shawara, wai me zai hana su bi jirgin ƙasa, ya fi kwanciyar hankali. Musaddiq ya tuna masa cewa jirgin ƙasa a Kaduna ya ƙare. A ɗaga Baba a kai shi tasha, a sauke, a sake ɗagawa a nemi mota, sai ka ce buhun gero? Ya kashe wayar, Dabo yana tsakiyar magana, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi.

Saura mota. Direbobi uku suka rugo suna rige-rigen karɓar jakarsa, da suka ga Baba sai kowa ya tuna uzuri. Ɗaya ya ce maigidansa ya hana shi tafiya mai nisa, ɗaya ya manna waya a kunne ya zame, wayar da ko ƙara ba ta yi ba. Musaddiq ya bi su da harara, yana faɗi a ransa cewa kowannensu da ranarsa.

Wani dattijo mai doguwar bas, Kalilu, mutumin garin Babban Mutum, shi ne ya matso. Da ya ji an ambaci Daura bai tsaya ciniki ba. Ya kwance kujerun baya ya jingine su gefe don Baba ya samu wurin miƙewa, ya kashe rediyo, ya yi bismillah.

Duk tsawon rayuwarsa Baba kujerar gaba yake zama, yana koya wa direbobi tuƙi. Yau Musaddiq ya bar ta babu kowa, ya koma baya kusa da shi.

Hanya kuwa ba ta raga musu ba. Cunkoso kafin Kaduna, ramuka bayan Zariya, ga shinge kan shinge. A wani shingen mai bindiga ya daka musu tsawa su sauke komai, ya zagayo ya leƙa baya, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce su je, Allah ya kai su lafiya. Wannan ma haushi ya ba Musaddiq.

Da ya rasa wanda zai sauke wa, sai ya juya kan Baba. Shekara biyu yana ɓoye ciwo yana ta shan jiƙo, an yi an yi ya je asibiti ya ƙi, sai da abu ya ci ƙarfinsa. To yanzu wa aka bari da wahala? Ya yi ta yi har ya gaji. Baba bai tanka ba. Dama shi ba ya tanka wa faɗan yara.

Suna wuce Kazaure Dabo ya sake kira. Ya ce jama'a sun taru tun azahar, liman na tambaya ko a sallame su sai da safe.

“Kowa ya tsaya. Na ce masa ba zai kwana a hanya ba, ba kuma zai kwana ba.”

An idar da magariba ke nan bas ta shigo unguwarsu ta bayan Kusugu. Maza suka miƙe daga tabarmi. Daga soro ƙanwar Musaddiq, Barakatu, ta ce ta jawo ruwan da hannunta tun safe, yana nan a rufe, ta zuba ganyen magarya.

Musaddiq ya naɗe hannun riga. Ya ce wa Baba sun iso, ga ruwan. Sannan ya kama gefe ɗaya, Dabo ya kama ɗayan, su shida suka sauko da akwatin gawar.