Bai Mutu a Bakin Igwa Ba

Sai da matashiyar ta ɗaga murya, don ƙarar igwa ta kashe wa tsohon sojan kunne tun lokacin yaƙi.

"Baba, tarihin kakana nake haɗawa. An ce igwa ɗaya kuka riƙe. Yaya ya rasu?"

Tsohon ya girgiza kai.

"Yarinya, ƙafa kawai ya rasa. Kafin ya warke, amininsa ya riga shi gida, ya rantse cewa da hannunsa ya binne shi, ya auri matarsa. Da kakanki ya koma gida ya tarar da haka, daga bakin ƙofa ya juyo. A ɗakin nan ya ƙare rayuwarsa."

Wayarta ta yi ƙara. Aminin ne, mutumin da ya rene ta, mai share hawaye duk ranar da aka ambaci marigayin.

Ta kife wayar.