Mai Dariyar Bayan Zaure

Tumatir na farko a kunne ya sami Aniello Marasca, na biyu a ƙirji. Ranarsa ta farko ke nan a dandamalin gidan wasan unguwarsu a Napoli, inda ɗan barkwanci ke riƙe jama'a kafin a kunna fim. Ya faɗi barkwanci na uku. Sai daga can baya wata dariya ta tashi, doguwa, mai shaƙewa, kamar mai ita za ta shiɗe. Zauren ya kece da dariya gaba ɗaya. Masu tumatir suka mayar da shi aljihu.

Shekara arba'in dariyar nan ba ta taɓa makara ba. Aniello ya tabbata mace ce, kuma son shi take yi. Sau biyu muryar ta canza, ya ce girma ne.

Da ya yi suna aka kai shi Roma. Fim takwas ya yi a gaban na'urar ɗaukar hoto, babu mai dariyar, babu ko ɗaya da ya karɓu. Ya tattaro ya dawo gida.

Matarsa Rituccia, 'yar mai amalanken kayan miya, ba ta taɓa shiga zauren ba. Kullum da la'asar takan fita da karas a jaka, ta dawo da ciyawa maƙale a gefen siket.

"Rituccia, ke dutse ce," yake ce mata. "Akwai wadda ta san darajata a garin nan."

"Allah ya bar ku tare, Don Aniello. Ci taliyarka kafin ta huce."

Ranar wasansa na ƙarshe ya rina gashin baki, ya soke jan fure a aljihun kwat. Ya san in labule ya sauka yau bai ga fuskarta ba, shi ke nan har abada.

Ya faɗi barkwanci na uku. Dariyar ta tashi. Aniello ya diro daga dandamali da gwiwoyinsa na ɗan sittin, ya ratsa kujeru yana leƙa fuskar kowace mace. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suna ta tafi. Ya kai layin ƙarshe. Babu kowa sai bango, da wata 'yar taga a sama mai fasasshen gilashi.

Ya taka kujera, furen a haƙori, ya leƙa lungun baya.

Rituccia ce tsaye, kunnenta manne da bango, leɓɓanta na maimaita barkwancinsa kalma bayan kalma, hannunta ɗaya riƙe da karas, ɗayan da wutsiyar wani tsohon jaki da ke ƙarasa doguwar dariyar nan.

"Koma ka ƙarasa, tsoho," ta ce, ba ta ko saki wutsiyar ba. "Wannan ne jaki na uku, kuma shi ma ya gaji da kai."