Jan Fenti a Jikin Dogon Yaro

Warin fentin nan har yau yana hancina. Bayan la'asar ne, ina zaune kusa da Baba a dakalin ƙofar gidanmu a Shehuri, sai ga mutum biyu da igiyar awo. Suka ce za a gyara layinmu, a fitar da hanyar masu tafiya a ƙasa da ta keke. Baba bai gama amsa sallamarsu ba ɗayan ya shafa jan fenti a jikin dogon yaron da ke ba mu inuwa.

Maƙwabta suka matso suna ta sa albarka. Ban da Baba.

"Wane keken?" ya tambaya. "Wanda ake tuƙawa da ƙafa, ko Napep?"

"Keke dai, Baba," in ji mai riƙe da igiyar awon.

"Yaro, tun kafin a haife ka nake jingine kekena a bishiyar nan. Bai taɓa ce min ta tare masa hanya ba. Tsakani da Allah, wa ya aiko ku?"

Mutumin ya yi dariya kawai, ya naɗe igiyarsa.

Yau motoci ne ke fakin a gurbin bishiyar. Ni kuwa duk wanda ya zo min da maganar gyara, hannunsa nake fara kallo, ko da fenti.