Fitilar Akwatin Kifi

"Wannan ce ta uku da ka sayar mini," in ji tsohon, ya dangwarar da fitilar a kan kanta. "Duk marasa haske."

Mai shago ya kalli 'yar tsohon da ta rako shi, ita ma ta kalle shi. Tsohon ya lura. Dama ya san da wata a ƙasa.

Shekara takwas yana kiwon kifin teku a akwatin gilashi, da hannunsa yake auna gishirin ruwan. Tun da tsohuwar fitilarsa ta ƙone, kifayen nan masu ruwan ɗorawa suka koma masa toka-toka. Mai araha ya nema, gaskiya ne, amma ai bai ce a ba shi ta banza ba.

"Alhaji, fitilun nan lafiyarsu ƙalau."

"Lafiyarsu ƙalau? Ke kuma me kike raɗa masa? Kun haɗa baki ku lallaɓa ni da tarkace ko?"

"Wallahi a'a, Baba."

"To, ɗauko wadda ta fi kowacce haske. A gabana za ka gwada ta."

Mai shago ya ɗauko babbar, ya ɗora a kan akwatin kifin shagon. Tsohon ya sunkuya, ya ƙura wa ruwan ido, yana jira.

"To, kunna mana mu gani."

'Yar ta kama hannunsa.

"Baba, tun ɗazu a kunne take."